Mita 3,600 a takarda, mita 35 a fili: darasin fiziks da ke cikin tubalan LEGO

Idan aka yi ta ɗora tubalan wasan nan na roba da kamfanin LEGO ke yi, ɗaya bisa ɗaya, a ina tsayin zai tsaya? A ƙarshen shekarar 2012 shirin rediyon BBC mai bin diddigin alƙaluma, More or Less, ya kai wannan tambaya sashen injiniya na jami'ar Open University da ke Ingila. Aka gwada, aka buga lissafi, aka fito da amsar da ta zagaya duniya: kimanin mita 3,600, wato fiye da ninki huɗu na dogon ginin Burj Khalifa na Dubai mai mita 828. Lissafin daidai yake, ba wanda ya isa ya ƙaryata shi. Duk da haka dogayen hasumiyoyin LEGO da mutane suka gina da hannunsu a kusa da mita 35 suke tsayawa. Wannan tazara mai ninki ɗari ita ce ta sa tambayar ta fi yawancin tambayoyin littafin aji amfani wajen koyar da fiziks, muddin malami bai tsaya a kan lambar farko ba.

Tubalin da aka gwada shi ne ƙaramin nan mai ƙululu huɗu a ka, biyu a kowane layi. Faɗinsa ya gaza milimita 16 da kaɗan, tsayinsa milimita 9.6 ban da ƙululun, nauyinsa kuma giram 1.152. Cikinsa rami ne, sai wani ɗan bututu a tsakiya da ke damƙe ƙululun tubalin da ke ƙasansa. Kamfanin, wanda ke garin Billund a Danmak, ya yi rajistar wannan tsari a watan Janairun 1958, kuma tun 1963 da wata roba mai tauri da ake kira ABS yake yin tubalan.

Dakta Ian Johnston na wannan jami'a da abokan aikinsa sun sa tubalin a cikin injin matsa abu, suka yi ta ƙara masa nauyi a hankali. Ba a ji wata fashewa ba. Da abin ya kai iyaka tubalin lotsawa ya yi, ya baje ya zama faifai. Da aka maimaita, matsakaicin ƙarfin da yake ɗauka kafin ya sallama ya kama Newton 4,240 (Newton shi ne ma'aunin ƙarfin turi ko ja).

Daga nan aikin ɗalibi ne, kuma bai wuce taku uku ba. Ya raba 4,240 da 9.81, ma'aunin jan da ƙasa ke yi wa abubuwa, ya sami kilo 432. Buhun siminti takwas ke nan da fiye da rabi, a kan abin da bai fi kan babban yatsa ba. Ya raba kilo 432 da nauyin tubali ɗaya, ya sami tubala 375,000. Ya ninka wannan da milimita 9.6, ga mita 3,600. A cikin takun nan uku ɗalibi ya taɓa bambancin yawan abu da nauyinsa, ya mayar da giram kilo, ya mayar da milimita mita. Wanda ya manta cewa giram dubu ne kilo ɗaya, hasumiyarsa za ta fito mita 3.6 ko kuma ta zarce sararin samaniya, shi da kansa zai ga akwai gyara. Shi ya sa na fi son a sa kowa ya rubuta hasashensa a takarda kafin a taɓa kwakuleta. Mutumin da ya riga ya ce mita hamsin ba ya manta ranar da lissafinsa ya ce masa dubu uku da ɗari shida. (Mai ɗora tubali ɗaya kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya yi sama da kwana huɗu kafin ya gama.)

Akwai wani abu a lissafin da ba kowa ke lura da shi ba. A ce an jera irin wannan ginshiƙi ɗari kusa da juna, ya zama katanga mai kauri. Nauyi ya ninku ɗari, amma tubalan da ke ɗauke da shi a ƙasa su ma sun ninku ɗari, don haka kowane tubali kayansa bai canja ba. Tsayin yana nan a 3,600. Ashe lambar ba ta girman ginin ba ce, ta kayan ginin ce: juriyarsa a raba da nauyinsa. Da zarar ɗalibi ya gane haka zai iya yi wa kowane irin kaya wannan tambaya. Ƙarfen gini na yau da kullum yana fara lotsawa a wajen Newton 250 kan kowane murabba'in milimita, amma yana da nauyi ƙwarai, kilo 7,850 a kowane dunƙule mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. In an buga, mita 3,200 da 'yan kai ake samu. Wato a wannan gasa kaɗai, abin wasan yara ya ɗara ƙarfe. Kankare matsakaici yana ba da wajen mita 1,300. Tubalin laka, gwargwadon kyawun ƙasar da kwaɓinta, tsakanin mita sittin ne da ɗari da wani abu. Dutse mai tauri kuwa yana ba da kilomitoci da dama, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa tsaunin Everest, mai mita 8,849, ba shi da wani babban yaya mai ninkinsa goma. A duniyar Mars, inda jan ƙasa bai kai kashi arba'in cikin ɗari na namu ba, tsaunin Olympus Mons ya haura kilomita ashirin.

To, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk lissafin da ke sama ya ginu ne a kan wani zato da ba a furta ba: cewa hasumiyar za ta tsaya cak, miƙe sak, tana jira har na ƙasan ya lotse. Duk yaron da ya taɓa jera tubalan nan ya san ba ta jira.

Abu mafi sauƙin gani shi ne jirkicewa. Abin da aka ajiye a ƙasa yana tsaye ne muddin cibiyar nauyinsa, wato wurin da nauyinsa ya daidaita ta kowane gefe, tana saman gindinsa. Cibiyar ginshiƙin tana tsakiyar tsayinsa, kuma daga tsakiyar gindi zuwa baki milimita 8 ne kacal. Ginshiƙi mai mita ɗaya, karkatar da ba ta kai digiri ɗaya ba ta isa ta kifar da shi. Mai mita uku, kashi ɗaya cikin uku na digiri. Mai mita 3,600 kuwa yana buƙatar daɓen da bambancin tudu da gangarensa bai kai milimita 5 ba a tafiyar kilomita guda. Kuma kowane tubali yana zuwa da 'yar tasa karkatar, komai ƙwarewar injin da ya yi shi, wani kuma ba a danna shi ya zauna sosai ba. Kuskuren da ido ba ya gani a tubali ɗaya, in ya taru sau dubu ba ya ɓoyuwa.

Iska ma ba ta buƙatar ta zama guguwa. Turin da iska ke yi yana ƙaruwa da saurinta a ninke da kansa: sauri ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. Idan aka auna turin da take yi wa gefen ginshiƙin da nauyin da ke riƙe shi a ƙasa, za a tarar iskar da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, wadda ba ta kai saurin mai tafiya a ƙasa ba, ta kusa isa ta tuntsurar da ginshiƙi mai mita ɗaya in ba a kafe gindinsa ba. Buɗe ƙofar aji kawai ya wadatar.

Amma a ce an kawar da waɗannan duka. Ɗaki a rufe, daɓe lafiyayye, an kafe gindi, an ma sa gam an manne tubalan sun zama sanda guda. Har yanzu ba za a je ko'ina ba, kuma nan ne ainihin darasin yake.

A ba kowane ɗalibi dogon tsinken tsintsiya, ya tsayar da shi a kan tebur ya danna kansa da yatsa. Tsinken ba ya murƙushewa, cikinsa yake turowa gefe ya lanƙwashe. A karya shi a ɗauki guntu mai tsawon gaɓar yatsa a sake dannawa, sai dai yatsan ya ji jiki. Tsinke ɗaya ne, kauri ɗaya, tsawo kawai ya canja. Masanin lissafin nan ɗan Suwizalan, Leonhard Euler, shi ya fara fitar da ƙa'idar wannan a 1744: nauyin da ginshiƙi siriri ke ɗauka kafin ya lanƙwashe yana raguwa da tsawonsa a ninke da kansa. Tsawo ya ninka biyu, abin da zai ɗauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Tsawo ya ninka goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Abin mamaki a ƙa'idar shi ne juriyar kayan, wato waccan lamba 4,240 da aka sha wahalar aunawa, ba ta cikinta sam. Abin da ke ciki shi ne tauri, wato yadda abu ke ƙin tanƙwaruwa, da kuma siffar ginshiƙin. Juriya daban, tauri daban, kuma ɗalibai da yawa suna gama sakandare suna ɗaukarsu abu ɗaya. A wajen tauri ƙarfe ya ninka robar ABS wajen sau tamanin ko casa'in. Nasarar da roba ta yi a gasar farko ta tashi a banza ke nan.

Me ke faruwa a zahiri? Ginshiƙi ya ɗan karkata, ko da kaurin gashi ne. Abu biyu suka shiga ja-in-ja. Taurin kayan yana son ya mayar da shi ya miƙe. Nauyin da ke sama kuwa, tunda ya riga ya goce daga tsakiya, yana son ya ƙara karkatar da shi. In ginshiƙin gajere ne tauri ke rinjaye, ya girgiza ya dawo. Yana ƙara tsawo ɓangaren nauyi na ƙara ƙarfi ta hanya biyu, kayan sun ƙaru kuma hannun da suke murɗawa da shi ya ƙara tsawo, alhali tauri yana nan inda yake. Akwai tsayin da in an kai shi rinjaye ke komawa ɗaya ɓangaren, daga nan kowace 'yar karkata ita ke haifar da wadda ta fi ta. Ba a buƙatar kowa ya taɓa shi.

A 1881 wani masanin lissafi Baturen Ingila, George Greenhill, ya fitar da ƙa'idar wannan tsayi ga sandar da ba ta ɗauke da komai sai nauyin kanta, yana tambayar iya tsayin da turke ko bishiya za su kai. Idan aka zuba alƙaluman tubalinmu a ƙa'idarsa, taurin ABS, kaurin bangon tubalin, da nauyin giram 120 a kowane mita na tsayi, amsar tana faɗowa tsakanin mita 3 da mita 4. Mita, ba kilomita ba. Ga tubali ɗaya, ga lissafi biyu kowanne sahihi, amsa ɗaya ta ninka ɗayar sau dubu. Kuma wannan ma an kyautata wa ginshiƙin zato, domin an ɗauka manne yake. Na gaskiya gaɓoɓi ne da shi duk bayan milimita 9.6. In ya karkata, gefen da ke ciki yana matsuwa, gefen waje kuma yana neman buɗewa, ba abin da ke riƙe shi sai damƙar ƙululu. Tubalin jarumi ne a wajen danni, amma a wajen ja yaro ɗan shekara huɗu ma yana raba shi da ɗan'uwansa, don haka aka yi shi.

Ƙa'idar Greenhill ta kuma faɗi farashin ƙarin tsayi, kuma yana da tsada. Faɗi yana taimakawa a nan, saɓanin lissafin farko, amma ba ɗaya bisa ɗaya ba. A ninka faɗi sau biyu, tsayi ya ƙaru da kashi sittin cikin ɗari kawai. A ninka shi sau takwas, tsayi ya ninka huɗu. Mai son mita 35 sai ya nemi faɗin wajen rabin mita. Mai son mita 3,600 da ginshiƙi miƙaƙƙe kuwa, faɗinsa zai kai rabin kilomita ko fiye. Bishiyoyi ma wannan doka suke bi: a 1973 Thomas McMahon na jami'ar Harvard ya duba ma'aunin manyan bishiyoyin Amurka ya ga kaurin gindinsu yana ƙaruwa da tsayi yadda ƙa'idar ta nuna, kuma galibinsu a wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin lanƙwashewa suke tsayawa.

Yanzu a dubi masu kafa tarihi. A Budapest ta ƙasar Hangare an gina mai mita 34.76 a 2014. A shekarar da ta biyo Milan ta Italiya ta karɓe da mita 35.05, da tubala sama da rabin miliyan. Ratar da ke tsakaninsu santimita 29 ce, kaurin tubala talatin. Irin waɗannan hasumiyoyi ba sirara ba ne, kuma wayoyi ake ɗaura musu daga gefe a kafe a ƙasa. Tubalin da ke gindinsu bai ɗauki fiye da wajen kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zai iya ba, hutawa yake. Wayoyin ba sa ɗauke wa hasumiyar ko giram ɗaya, hasali ma ja suke ƙasa suna ƙara mata kaya. Aikinsu hana ta motsi gefe, su yanka dogon ginshiƙi ɗaya ya zama gajeru da yawa, abin da Euler ya ce yana ninka ƙarfi. Dogayen turakun eriyar gidajen rediyo da ake gani da wayoyi ta kowace kusurwa, dabarar ke nan.

Da zan zaɓi wurin da malami zai fi daɗewa bayan wannan, siffa zan zaɓa, domin a nan lambar 3,600 ke shan kaye na biyu, ta ɗaya gefen. Mun ga ta yi yawa. Ashe kuma ta yi kaɗan. Duk ɗalibin da ya yi lissafin siffofi ya san dala tana cin kashi ɗaya cikin uku na abin da akwati mai gindi da tsayi irin nata ke ci. To in an gina dalar LEGO, kuma nauyin ya rabu daidai a gindin, kowane tubalin ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kayan yake ɗauka, sai tsayin ya ninka uku, mita 10,800, sama da Everest. In kuma aka tsara ta yadda yawan tubalan kowane layi zai riƙa ninkawa biyu duk saukowar wajen kilomita biyu da rabi, a takarda babu iyaka ko kaɗan, sai dai tubala su ƙare ko filin ya ƙare. Don haka 3,600 ba ita ce iyakar aiki ba, ba kuma ita ce iyakar nazari ba. Amsa ce ga tambaya ɗaya ƙunƙuntacciya: ginshiƙi mai kauri ɗaya daga ƙasa har sama, wanda aka hana shi faɗuwa ta kowace hanya sai lotsewa.

Maginan laka sun san zancen siffa tun kafin a rubuta shi. Hasumiyar babban masallacin Agadez, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake gina ta a 1844, tana da mita 27, kuma da ƙasa aka yi ta, kayan da a lissafinmu na farko ya zo na ƙarshe. Gindinta fafaɗa ne, tana tsukewa tana hawa. Wannan tsukewa tana sauke cibiyar nauyi ƙasa, tana rage wa gindi kaya, tana rage fuskar da iska ke bugawa a can sama inda bugun ya fi illa. Itatuwan da suka fito a jikinta kuma su ne matakan masu yaɓe, domin babbar abokiyar gabarta ruwan sama ne, wata hanyar lalacewa da babu ita a lissafin Euler ko na Greenhill. Hasumiyar Eiffel ta Faransa, mai mita 300 a lokacin da aka gama ta a 1889, da ƙarfe aka yi ta, amma ita ma gindi a buɗe kai a tsuke, kuma turin iska ne ya tsara lanƙwasar ƙafafunta.

Roba tana da nata ƙarin matsaloli, in an ga dama a ambata su a taƙaice. Gwajin injin matsa na 'yan mintoci ne, alhali roba in ta daɗe a ƙarƙashin kaya tana saki a hankali ko da kayan bai kai iyakarta ba, zafi kuma yana gaggauta hakan. Sannan ABS tana buɗewa da zafi ninki shida ko fiye na yadda ƙarfe ke yi, don haka gefen da rana ke duka zai fi na inuwa tsawo, hasumiyar ta sunkuya ta ba rana baya.

Wani zai ce duk wannan sai makarantar masu hali, tubalan suna da tsada. Gaskiya ne suna da tsada, amma tambayar ba ta LEGO kaɗai ba ce. Kwalin ashana yana yi, marfin kwalba yana yi, sukari mai ƙwaya yana yi. A auna nauyin guda ɗaya, a ɗora masa kaya har ya lotse, a buga tsayin takarda, sannan a jera a ga inda yake zubewa. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne a maimaita jerin sau da yawa, rukuni daban-daban, a rubuta kowane sakamako a allo. Ba za su zo ɗaya ba. Wani rukunin zai kai tsayin da wani bai kai rabinsa ba, gardama ta tashi: teburinku ya karkata, ku kun zauna kusa da taga, wane hannunsa na rawa. Gardamar nan fiziks ce tsantsa, kuma a cikinta dokar Hooke (ta yadda abu ke miƙewa ko matsuwa gwargwadon ƙarfin da aka sa masa) da cibiyar nauyi da murɗin ƙarfi, waɗanda manhaja ta raba su babi-babi, suke haɗuwa a kan tebur ɗaya. Bayan nan a ninka faɗin gindi biyu, a sa su faɗi tsayin da suke tsammani kafin a gina. Yawanci ninki biyu za su ce.

Ga tambayar da za ta nuna wanda ya gane: a kai tubalan duniyar wata, inda jan ƙasa kashi ɗaya cikin shida ne na nan, kuma babu iska, hasumiyar za ta kai ina? Ta fuskar lotsewa lissafin kai tsaye ne, 3,600 sau shida, mita 21,600. Ta fuskar lanƙwashewa kuwa, sai an rage jan ƙasa sau takwas kafin tsayi ya ninka biyu, don haka ragin sau shida bai ma kai ga ninka shi ba, sau 1.8 ne. Ginshiƙin da a nan ke sallamawa a mita uku da rabi, a can zai kai mita shida da ɗan ɗoriya, shi ma in an manne shi da gam.